Yadda muka sa wa tsohon gidanmu atin, daga soket har ramin ƙasa

Gidanmu na gado da ke cikin Kano, marigayi mahaifinmu ya gina shi a ƙarshen shekarun 1970, lokacin NEPA ba ta daɗe da kafuwa ba, tunda a 1972 aka haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwan Neja aka samar da ita. Wanda ya yi wa gidan wayarin a wancan zamani bai yi ha'inci ba, ya yi aikin ne daidai da kayan da ake da su: ƙwayayen fitila, fanka, rediyo, dutsen guga, sai talabijin guda a falo. Yau kuwa a wannan wayarin ɗin ake ɗora firji biyu, injin wanki, hitar banɗaki, injin tura ruwa tanki, ga inbata ga janareta. Na san akwai dubban gidaje irin namu a Kano da Kaduna da Zariya, shi ya sa na ga ya dace in ba da labarin yadda muka bi har muka sa wa soket ɗinmu atin, wato wayar da ke kai wutar da ta zurare jikin na'ura zuwa ƙasa, don wani ya rage yawon da muka yi.

Da damina abin ya fara fitowa fili. Duk wanda ya taɓa murfin firjin da ke rumfar tsakar gida ba takalmi sai ya ji ɗan zirr a yatsa. Hajiya ta sa aka shimfiɗa tabarmar roba a gabansa, aka kafa wa yara dokar sa silifas, aka ci gaba da zama. Da aka kawo injin wanki sai maganar ta wuce wasa, domin ƙanwata ta kama bakinsa da jiƙaƙƙen hannu, ya ja ta har sai da ta zauna a ƙasa, hannun ya wuni yana mata tsami. Washegari na kira mai gyaran wuta na unguwa, wanda ya saba yi mana ƙananan ayyuka. Ya ɗora testa a jikin injin ta kawo ja. Ya kwance soket ɗin, sai ga waya biyu kacal, ja da baƙa, ramin na uku na sama kuwa babu komai a bayansa, ko kusar ba a taɓa kwancewa ba. Ya ce mini, "Alhaji, ai wannan ƙaramin aiki ne. Guntuwar waya zan sa in haɗe atin da nutural a bayan soket ɗin, yanzu ja ya ɗauke." Kuɗin da ya nema bai wuce na cefanen rana ɗaya ba. Na ce ya dakata tukuna, gidan ba nawa ni kaɗai ba ne, sai na sanar da yayyena.

Zan tsaya a kan wannan dabara tasa, domin ita ce aka fi yi wa mutane, kuma tana da daɗin karɓa saboda nan take ja ke ɗaukewa. Haɗarinta shi ne jikin firji ko injin wanki ya zama a haɗe kai tsaye da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Ranar da nutural ya tsinke a kan falwaya ko a cikin bango, wutar da ta shiga na'urar ba ta da hanyar komawa sai ta jikin ƙarfen, sai ya ɗauki bolt 230 cif yana jiran mai taɓawa. Haka kuma in an yanke wuta aka zo mayarwa aka juya wayoyin, layif, wato wayar da ke kawo wuta, ya koma gurbin nutural, to duk wani ƙarfe da aka yi wa wannan haɗi ya zama layif. A garin da ake hawa falwaya ana saukowa kullum, wannan ba abu ne mai nisa ba.

Daga nan na nufi ofishin 'yan wuta na yankinmu, da tunanin ko su ke da alhakin atin. Na tafi da lambar mita da rasit ɗin katin da muka saya na ƙarshe, na samu layin masu ƙorafin bil ya cika benci, na zauna har kusan azahar kafin in ga jami'in da ke kula da ɓangaren fasaha. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Malam, mu iyakarmu mita. Daga mita zuwa cikin gida na mai gida ne." Ban biya ko kwabo ba, kuma ban fito hannu rabbana ba, domin shi ya ce in nemi ma'aikacin da ke da takardar shaidar NEMSA, hukumar da aka kafa da dokar 2015 don duba ayyukan lantarki da tantance masu yin su. Wanda matsalarsa irin tamu ce ba sai ya ɓata safiyarsa a wannan benci ba. Zuwa can yana da amfani ne kawai in ana zargin nutural ɗin da ya taho daga falwaya, misali a ga fitilu suna yin haske fiye da kima a wani ɗaki suna dusashewa a wani.

Ta hannun wani ɗan uwa da ke aikin gine-gine na samu wani injiniya dattijo. Na nemi ganin takardarsa, da ɗan jin nauyi, shi kuwa ko a jikinsa, ya nuna mini ita a waya ya kuma zo da kwafi. Ya ce ba zai faɗi kuɗin aiki ba sai ya duba gidan gaba ɗaya, kuma dubawar da kuɗinta daban, wanda bai kai farashin kullin waya ɗaya ba. Ranar da ya zo da yaronsa, aka kashe wuta tun safe, suka bi ɗaki ɗaki suna kwance soket. Ni ina biye da su da littafi. Abin da ya fito shi ne gidan wayarin uku ne a cikinsa, kowanne da zamaninsa. Ɓangaren asali an ja wayoyin ne ta cikin bututun ƙarfe da aka binne a bango, kuma wannan bututun shi ne atin ɗin a wancan tsari, sai dai tsatsa ta cinye mahaɗansa, na'ura ta nuna babu haɗi tsakanin akwatunan soket da akwatin fis. A nan ne har yanzu ake da tsofaffin soket masu zagayayyun ramuka, na amf 5 da na amf 15. Ɗakunan da aka ƙara a shekarun 1990 an bi bango da waya mai ƙwaya biyu an kafe da ƙusa. Sashen da aka gyara kwanan baya kuwa soket ɗinsa sababbi ne fes, masu rami uku na amf 13 irin na Ingila, amma a baya waya biyu ce. Wannan ne ya fi ba ni haushi, domin a ido ya fi ko'ina kyau.

A bayan kicin ya gano wata koriyar waya da ta fito daga akwatin fis, an ɗaure ta a guntun bututun ruwa na ƙarfe. Da can wannan bututu ya bi ta ƙarƙashin ƙasa har titi, shi ya sa masu wayarin na da suke dogara da shi. Shekarun baya da aka canza bututun gidan zuwa na roba, mai aikin famfo ya yanke na ƙarfen ya bar guntu kamar kamu ɗaya a manne da bango. Tun daga ranar gidan ba shi da wata alaƙa da ƙasa, kuma babu wanda ya sani. Ban da wannan, soket da dama an juya musu layif da nutural, sannan a akwatin fis an cire siririyar wayar fis an cusa silin jan ƙarfe mai kauri wanda sai dai gida ya ƙone shi bai narke ba.

Na ɗauka maganin shi ne a kafa sanda a ƙasa a ja waya, shi ke nan. Injiniya ya karɓi littafina ya yi mini lissafi, kuma wannan lissafin ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Ya ce a ɗauka mun kafa sanda, awonta ya ba da om 40 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wa wuta hanya), wanda ba laifi a irin ƙasarmu. In layif ya taɓa jikin firji, wutar da za ta bi ta sandar ita ce 230 a raba da 40, ba ta kai amf 6 ba. Fis ko birekar amf 20 ko 30 ba za ta ko motsa ba, don a wurinta wannan bai wuce an kunna dutsen guga ba. Firji zai ci gaba da zama da wuta a jikinsa, mita na ta cin kuɗi. Jikin ɗan Adam kuwa ba ya buƙatar amf guda, wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amf ba tana iya birkita bugun zuciya in ta ratsa ƙirji. Saboda haka dole a haɗa sandar da wata na'ura da ake kira RCD, mai miliamf 30. Aikinta auna wutar da ta fita ta layif da wadda ta dawo ta nutural. In ta ga giɓi, ta san wuta na zurarewa ta wani wuri, ko ta atin ko ta jikin mutum, sai ta datse cikin ƙiftawar ido. Ya ce, "Alhaji, sanda ba RCD rabin aiki ne. Wanda ya kafa maka sanda ya tafi, ya sayar maka da kwanciyar hankali ne kawai."

Ya rubuto kiyasi dalla-dalla, na kai wa 'yan uwa. Nan aka ɗan ja. Babban yayanmu ya ce shekara arba'in da ɗoriya muna gidan nan wuta ba ta kashe kowa ba, me ya kawo wannan ɗawainiya yanzu. Ban ga laifinsa ba, kuɗin ba kaɗan ba ne, kuma abu ne da in an gama ba a ganin komai, ba fenti ba ne ba tayil ba. Hajiya ce ta raba gardamar. Ta ce, "Ku yi. Jikokina ne ke yawo a tsakar gidan nan ba takalmi." Aka amince a raba aikin biyu, a fara da inda ruwa yake, wato kicin, banɗakuna, rumfar wanki da injin ruwa, tare da sabon akwatin bireka da sanda. Ɗakunan kwana na baya su jira. Kafin karo-karon ya haɗu har damina ta wuce, sanyi ya wuce, muka shiga bazara. A tsakanin nan injin wanki a cire yake, hita ma haka.

Sayayya a Sabon Gari muka yi, ni da injiniya, kuma ina ba kowa shawara ya bi mai aikinsa kasuwa, ba don rashin yarda ba, don ya ga abin da ake dubawa. Waya ita ta cinye kusan rabin kuɗin, ladan aiki wajen kashi ɗaya cikin huɗu, sauran ya tafi a akwati da bireka da soket da sanduna. Kowane kullin waya sai ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya feɗe baki ya kankare silin da wuƙa. In cikin ya fito fari, alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, sai ya ajiye. Ya ɗauki mai milimita 2.5 don soket, mai kauri sosai kuma don babbar wayar da za ta tashi daga akwati zuwa sanda, duk masu launin kore da rawaya. Sandar ma ƙarfe ce aka lulluɓe da jan ƙarfe, wannan ba aibi ba ne, abin dubawa shi ne kaurin lulluɓin, domin akwai wadda in ka goga mata ƙusa nan take baƙin ƙarfe ke bayyana. Wajen RCD ya nuna mini abu biyu: maɓallin gwaji a fuskarta, da rubutun 30mA. Akwai masu 100 da masu 300, kamarsu ɗaya, amma waɗannan don kare gobara suka fi dacewa, ba don kare mutum ba. Wani mai shago ya miƙo mana bireka zalla ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Mun karɓi rasit a kan komai.

Haƙar rami ta faɗo a tsakiyar zafi, ƙasa ta bushe ƙamas. Na yi zaton lokacin bai dace ba, injiniya ya ce shi ne ma ya fi, domin awon da aka samu a bazara shi ne mafi muni a shekara, da damina sai dai ya ƙara kyau. Wanda aka auna masa a watan Agusta bai san halin da sandarsa ke ciki a watan Maris ba. Ya zaɓi gefen da ruwan alwala ke gangarawa, inda inuwar katanga ke daɗewa, bayan ya tabbatar babu bututu ko waya a ƙarƙashi. Ba a yi nisa ba aka ci karo da marmara, lebura ya sha wuya da diga. Shi leburan ne ma ya tambaya ina buhun gishiri da gawayi, tunda haka ya saba gani. Injiniya ya hana gishirin. Ya ce gaskiya ne yana sauke awo a ranar, mai gida ya ga lamba mai kyau ya biya kuɗi, amma yana cin sandar da mahaɗinta, kuma damina biyu ta isa ta wanke shi. Ya kawo yumɓun bentonait, irin wanda masu haƙar burtsatse ke amfani da shi, aka dama aka zuba a kewayen sandar saboda yana riƙe laima.

Awon kansa abin kallo ne, har yaran unguwa suka taru. Ya kafa wasu ƙananan turaku biyu a layi, nesa da ramin, har sai da waya ta fita ƙofar gida, ya haɗa su da na'urarsa. Sanda ɗaya ta ba da sama da om 100. Ya ce da RCD wannan ma zai yi aiki, kuma a ƙa'idar Ingila da masu wayarin namu suka gada sai awo ya haura 200 ake cewa ba abin dogaro ba ne, amma shi bai gamsu ba. Aka kafa ta biyu da tazarar da ta fi tsawon sandar, don in sun matsu da juna amfanin ta biyun kaɗan ne, aka haɗe su, awo ya sauko kusa da rabi. Ya sa birkila ya gina ɗan akwati mai murfi a kan mahaɗin maimakon a shafe da siminti, don a riƙa buɗewa ana dubawa.

Jan waya cikin gida shi ne ya fi cin rai. Inda tsohon bututu bai toshe ba, an ɗaura sababbin wayoyi a jelar tsofaffin an jawo. Inda tsatsa ta cushe shi, zaɓi biyu ne, a fasa bango ko a bi ta sama da farar hanyar roba mai murfi. A kicin muka fasa, a sauran wurare muka haƙura da robar duk da ba ta da kyan gani. Ƙura ta cika gida, girki ya koma kan gawayi a tsakar gida, Hajiya ta ƙaura ɗakin baya. An kai atin har jikin hita da injin ruwa, ba soket kaɗai ba. Tunda yanzu gidan ya haɗa launi biyu, tsohon tsari na ja da baƙi da sabon tsari na ruwan ƙasa da shuɗi, injiniya ya manna takarda a cikin murfin akwati ya rubuta wane ne wane, saboda a tsohon tsari baƙi nutural ne, a sabo kuwa shuɗi ne, kuma a wayarin mai layif uku kowannensu na iya zama layif a ɗaya tsarin.

Daren da aka mayar da wuta, ba a yi awa guda ba RCD ta faɗi. Aka ɗaga, ta sake faɗuwa. Ga zafi, ga sauro, ga Yaya yana cewa a cire wannan abu a mayar mana da fis ɗinmu. Ni kaina raina ya ɓaci, na kira injiniya da ɗan zafi. Ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi. A kashe ƙananan birekun duka, a riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta kayar da ita a bar ta a kashe har in zo." Da safe ya gano abu uku. Ƙarfen dumama ruwa na cikin hita ya tsage yana zubar da wuta cikin ruwa, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe. Fitilar ƙofar gida an ɗauko mata nutural daga wani layi daban. Sannan a wani ɗaki ya tarar da irin haɗin nan na atin da nutural a bayan soket, wanda wani ya yi shekarun baya. Da aka gyara waɗannan ta zauna lafiya. A nan ne mutane da yawa ke karaya su sa a tsallake na'urar, alhali faɗuwar tata ita ce ke tona abin da ke ɓoye.

Saura janareta da inbata. Makunnin canjin layi da muke da shi layif kawai yake canzawa, nutural kuwa a haɗe yake da na NEPA koyaushe, sai aka sauya shi da mai datse duka biyun. Aka kai atin jikin janareta. Ya kuma gwada RCD ɗin a kan kowace wuta daban, domin wasu ƙananan janareta da inbata nutural ɗinsu ba ya haɗe da ƙasa, kuma a haka na'urar tana iya ƙin faɗuwa lokacin da ake buƙata. Namu inbatan haka yake, ya yi masa haɗin da ya dace a wuri ɗaya tak. Wannan ɓangaren ba na mai koyo ba ne, kuma mai sola a gida ya tabbata an yi masa wannan gwaji.

A ranar ƙarshe ya bi kowane soket da na'ura, ya tabbatar atin ya kai, layif na dama nutural na hagu, ya auna saurin faɗuwar RCD ya ga bai kai kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa ba. Ya rubuta duk lambobin a takarda, da awon sanduna da kwanan wata, ya sa hannu. Sai da na karɓi wannan takarda na cika masa ragowar kuɗinsa, kuma haka muka yi yarjejeniya tun farko. Duk wanda zai ba da irin wannan aiki ya sa wannan sharaɗi, don testa mai ƙwan fitila ba ta iya gaya maka ko atin na aiki, lamba ce ke faɗa.

Bayan an gama na lura ashe mu da kanmu muna iya warware aikin. Yawancin wayoyin ƙari da ake sayarwa a bakin titi rami uku ne a fuska, waya biyu a ciki, in ka jona firji a kansu ka koma gidan jiya. Haka filogin da aka karye wa dogon ƙarfe, da ɗabi'ar tura biro a ramin sama don a cusa filogi mai ƙafa biyu na injin da jikinsa ƙarfe ne. Cajar waya da makamantanta masu alamar murabba'i cikin murabba'i ba sa buƙatar atin, an kera su da rufi biyu. Sitabilaiza kuma ba ta maye gurbin atin, ƙarfin wuta kawai take daidaitawa, kuma sandar atin ba ita ce maganin tsawa ba, wannan aiki ne daban. Ɗan haya da ba shi da ikon fasa bango ya sanar da mai gida a rubuce, in ya samu dama ya sa RCD a akwatin sashensa, domin ko babu atin tana datse wuta in ta bi ta jikin mutum, duk da sai ya ji jan kafin ta faɗi.

Injiniya ya ce a riƙa danna maɓallin gwaji duk bayan 'yan watanni lokacin da akwai wuta, in bai kayar da ita ba a kira shi, sannan a sake auna sandunan a ƙarshen rani mai zuwa. Ɗakunan baya har yanzu suna jiran kashi na biyu. Kafin nan ya cire tsofaffin soket masu zagayayyun ramuka ya rufe gurabensu, ya bar fitila da fanka kawai, masu ɗakunan suna zuwa falo yin guga.